Abincin magen ya yi, awon da aka yi min a Sabon Gari ne ya kusa kashe min Gimbiya

Masu kiwon magen Farisa a Zariya sun san shagon da nake nufi, wanda ke Sabon Gari, mai haɗa abincin karnuka da na maguna da maganin kaji duk a rumfa ɗaya. Ba zan kama suna ba. Abin da na saya a wurinsu busasshen abincin mage ne na waje, irin wanda aka rubuta a jikin buhunsa cewa na masu laulayin ciki ne. Da a lokacin buhun farko na rubuta wannan sharhi, da yabo za ku yi ta karantawa har ku gaji.

Magen tawa, Gimbiya, tun tana 'yar mitsitsiya cikinta ba ya ɗaukar wargi. Abu kaɗan sai zawo, wani lokacin har da amai. Duk wadda ta taɓa riƙe mage mai dogon gashi ta san abin da zawo ke nufi: gashin bayanta ya cukurkuɗe ya bushe, ki dafa ruwa ki sirka, ki zauna da tsumma da almakashi, ita kuma tana yagar miki hannu. Surukata kullum cewa take, "Mu magen da muka sani ɓera take kamawa, ta lashi sauran tuwo ta kwanta, wannan taku sai ka ce 'yar sarki." Kuma ba ta fasa zuba mata madara a murfin kwano idan na juya baya, wai tausayi.

Wani likitan dabbobi a Samaru ne ya warware mana zancen. Ya ce surukata ta yi gaskiya rabi, domin ɓeran nan nama ne, kuma nama shi ne asalin cimar mage. Akwai sinadarin taurin da jikinta ba ya iya haɗa isasshe, sai ta same shi a nama. A 1987 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Amurka suka gano cewa ƙarancinsa na sa zuciyar mage ta saki ta kumbura, daga nan kamfanoni suka ƙara yawansa a abincin da suke yi. Madara kuwa, yawancin maguna da zarar an yaye su cikinsu ya daina narkar da sukarin da ke cikinta, shi ya sa take wucewa a ruwa. Sauran miya ya fi komai muni saboda albasa da tafarnuwa, waɗanda ke farfasa jajayen ƙwayoyin jinin mage ko da an dafa su. Ya ba Gimbiya maganin tsutsar ciki tukuna, sannan ya ce in nemi abinci mai nama iri ɗaya tak, in kuma karanta jerin kayan haɗin da ke bayan buhu, domin abin da aka fara rubutawa shi ne mafi nauyi a ciki.

Ƙaramin buhu mai kilo 2 na ɗauka, a liƙe daga kamfani. Naman talo-talo ne a farkon jerin, sai shinkafa, babu madara, babu kalar nan ja da kore da ake zuba wa masu araha don a burge mai saye. Na bi yadda aka ce, ana sauya wa mage abinci ne a hankali cikin kwana 7 zuwa 10, a fara da kashi ɗaya cikin huɗu na sabon a gauraya da wanda ta saba, a riƙa ƙarawa. Wallahi na ga canji. Kashinta ya ɗaure, warin da ke korar mutane daga baranda ya ragu, aman ya tsaya, gashinta ya kwanta yana sheƙi. Almakashin nan ya koma cikin kayan ɗinki. Har Abban yara, wanda ba ruwansa da ita, sai da ya ce, "Wai magen nan ƙiba take yi ko idona ne?"

Abu ɗaya da na lura, sai an matsa mata da ruwa. Busasshen abinci ruwan da ke cikinsa bai wuce kashi 10 cikin 100 ba, na gwangwani kuwa ya kai kashi 75 ko fiye, ita kuma mage ba gwanar shan ruwa ba ce. Na ajiye mata kwanoni a wurare daban-daban, na lura ta fi son ruwan randa a kan na famfo. Wannan ba laifin abincin ba ne. Farashi kuwa kun sani, tun da aka saki naira a 2023 duk abin da ya tsallako teku sai dai a yi shahada a saya.

To, cikin watan Agusta, ana tsakiyar marka, buhun ya ƙare na koma. Yaron shagon ya ce ƙananan sun ƙare, sai babban buhu, kuma sun buɗe shi suna awo saboda mutane ba sa iya sayen guda. Na ce ya nuna min buhun. Ya ce yana sito, makullin na hannun maigidansa. Ya jawo wata baƙar leda da aka riga aka ƙulle daga ƙarƙashin tebur yana cewa, "Hajiya, duk abu ɗaya ne, wannan ma ya fi miki sauƙi. Jiya wata malama daga Kongo ta ɗauki uku." Sauƙin da yake faɗa bai kai kuɗin keke zuwa Tudun Wada ba, amma babu ko ƙwaya ɗaya da ta rage a gida, na karɓa.

Da na kwance ledar a gida, wani wari ya bugo ni irin na man gyaɗan da aka yi ta suya da shi aka bar shi a kasko. Gimbiya ta zo ta sunsuna, ta ja baya, ta shiga kartar siminti a gefen kwanon kamar mai binne kashi. Wuni guda ta ƙi ci. Da yunwa ta ci ƙarfinta da daddare sai ta ci.

Wajen ƙarfe biyun dare Ummi ta tashe ni, "Mama, Gimbiya tana amai a ƙarƙashin gado." Babu wuta, ruwa ake kamar da bakin ƙwarya. Da fitilar waya muka bi sawu: amai a ɗaki, zawo kamar ruwa daga bakin ƙofa har baranda, na ƙarshen da ɗan jirwayen jini. Ta rakuɓe bayan firji, idanunta sun faɗa, ko kuka ba ta iya yi. Maƙwabciyata da ta ji motsinmu ta leƙo ta katanga ta ce in ɓantari farasitamol in jiƙa mata, in haɗa da rabin Flagyl. Allah ya sa likitan ya ɗauki waya a wannan tsakar daren. Cewa ya yi, "Hajiya, ko kusa kada ki kuskura. Ƙwaya ɗaya ta farasitamol tana iya kashe mage, hantarta ba ta iya sarrafa shi." Ya ce in ɗauke abincin, in bar mata ruwa kawai, in kawo ta da sassafe tare da ledar.

Da gari ya waye muka ɗauki shatar keke zuwa Samaru, Ummi rungume da kwando tana hawaye. Likita ya ɗaga fatar wuyanta ya saki, fatar ta tsaya a tsaye ba ta koma ba, ya ce ruwan jikinta ya ƙare. Aka yi mata ƙarin ruwa ta ƙarƙashin fata da allurar tsayar da amai, aka duba kashin, babu tsutsa. Daga nan ya shimfiɗa farar takarda a kan tebur ya juye ledar, ya sa bakin biro yana warewa. Nan na ga abin da ya sa har yanzu raina yake ɓaci. Abincin da na sani ƙwayoyinsa masu kusurwa uku ne, ruwan ƙasa. A kan takardar nan iri uku ne. Akwai nawa, ba su fi rabi ba. Akwai wasu zagayayyu ja da kore, irin na arahar nan da na guje wa tun farko. Akwai kuma wasu manya da ya ce sun fi kama da na 'yan kwikwiyo. A ƙasan ledar gari ne da ƙananan ƙwari suna yawo, wasu ƙwayoyin kuma sun manne da juna da farar fumfuna.

Ya ce ko da ba a gauraya komai ba, buɗe buhu a bar shi a sito da damina ya isa. Kitse ake fesa wa ƙwayoyin daga waje don ƙamshi, da iska ta shiga sai ya fara lalacewa, laima kuma ta kawo fumfuna. Fumfunar da ke kama masara da gyaɗa ita ke fitar da dafin afulatoksin mai cin hanta, kuma abinci mai araha masara ce ta fi yawa a cikinsa. Ga kuma sauyin abinci dare ɗaya ga magen da cikinta dama lallaɓa shi ake yi. Ya ce in dafa mata ƙirjin kaza zalla, ba gishiri, ba magi, ba albasa, in riƙa ba ta kaɗan-kaɗan, kuma kada in bari ta kai kwana 2 zuwa 3 ba ta ci komai ba, domin kitse na taruwa a hantar mage idan ta daɗe da yunwa. Kazar ta 'yan kwanaki ce kawai, ba ta ƙunshi duk abin da jikinta ke buƙata ba.

Da ta farfaɗo na koma shagon da sauran abincin a ƙunshe cikin takardar likita. Na tarar da maigidan da kansa. Na baje masa a kan teburinsa, na ce, "Alhaji, dubi abin da yaronka ya auna min." Ko sunkuyawa bai yi ba. Ya ce, "Hajiya, ai dabba ce, yau lafiya gobe ciwo. Wa ya san abin da ta ci a waje?" Magen da ko zaure ba ta taɓa leƙawa ba! Na ce a fito da buhun da aka auna daga ciki, ya ce ya ƙare an yar. Na ce a mayar min da kuɗina, ya nuna min wata takarda da ke manne a bango cewa kaya in sun fita ba sa dawowa. Da ya ga wata mata da ta shigo sayen abincin kare ta tsaya tana kallon takardar, sai ya miƙo min gwangwani ɗaya na abincin mage wai in yi haƙuri. Na juya gindinsa, saura wata ɗaya ya lalace. Na ajiye masa abinsa na fita. Kuɗin asibiti da na keke da na kaza sun haura kuɗin buhu biyu.

Kuma tunda zancen ya zo, shi kansa abincin ba zan wanke shi tas ba. Buhunsa ba shi da zif, da kin yanka bakinsa sai ki nemi abin ɗaurewa, alhali na ƙasa da shi a kuɗi suna da shi. Rubutun bayansa ƙanana ne ƙwarai, cikin harsuna barkatai, sai da na ɗauki hoto na faɗaɗa kafin na gano yawan da za a ba ta a rana. Bai hana ta harar da dunƙulen gashi ba, sai da na koma taje ta kullum. Masu shigo da shi kuma ba su da tsari: wata ɗaya yana ko'ina, wata biyu babu, abin da ke tura mutane sayen awo ke nan. Magen da ake lallaɓa cikinta ba a yi mata wannan tsalle-tsallen.

Yanzu ƙanena ke taho min da shi daga Kaduna, buhu biyu a lokaci ɗaya, a liƙe. Kafin ya biya sai ya turo min hoton ranar lalacewa da lambar NAFDAC. Wanda na buɗe ina naɗe bakinsa in saka shi da buhunsa cikin bokiti mai murfi a ɗaki, ba a kicin ba, kuma ina ƙoƙarin ya ƙare cikin mako 6. Abincin na ba shi tauraro huɗu cikin biyar. Shagon ko ɗaya bai samu ba. Ranar Asabar na bi ta ƙofarsu a keke, ledojin awon na nan, yanzu ma an fito da su kan tebur cikin rana, an liƙa wa kowace 'yar takarda da sunan kamfanin a rubuce da biro.