Zare da kwarashin da ya kamata ki saya don saƙar da'ira

Duk mai son saƙa abu zagayayye da zai kwanta lumui, irin abin ɗora tukunya ko shimfiɗar kofi, ta san akwai lissafi a ciki. Da kwarashi, in gajeren ido kike yi (ido shi ne kowane ɗaurin zare ɗaya a cikin saƙa), ki fara da ido 6 ki riƙa ƙara 6 a kowane zagaye. In dogon ido ne, 12. Kika rage, abu ya ɗaga baki ya koma hula. Kika yi yawa, gefe ya tattare. To amma ko lissafin ya cika cif, zare na iya kunyata ki.

Ni dai auduga ce zaɓina, ba na ɓoyewa. Ba ta talewa, don haka da'irar tana riƙe siffarta, idon saƙa yana fitowa ɗaya bayan ɗaya, wanda hakan ke sauƙaƙa ƙirga, kuma ƙirga ita ce rabin aikin. Tana jure zafi, tana jure wanki. Mai sheƙin nan da aka gyara a masana'anta ta fi santsi da ƙarfi, ba ta yawan tsagewa a bakin kwarashi, launinta kuma ya fi kamawa. Aibinta ɗaya: tana gajiyar da yatsu in an daɗe ana yi. Na yarda da wannan gajiyar.

Ulu yana tsukewa a ruwan zafi. Zaren roba kuwa a bar shi ga hular jarirai.

Kwarashi kuma na alminiyam, milimita 4 ga matsakaicin zare. Na roba yana lanƙwasa, na katako yana riƙe auduga. Masu saƙa da tsinke biyar suna ƙara ido 8 bayan kowane zagaye biyu, yana kuma yin kyau, sai dai fara tsakiyar nan sai mai dogon haƙuri.

Inda na fi so ki buɗe ido shi ne wajen jabu. Na taɓa sayen zaren da takardarsa ta ce auduga zalla, na kwana uku ina saƙa abin ɗora tukunya. Ranar farko da tukunya mai zafi ta hau kansa, tsakiyar ta narke ta manne a gindinta. Tun daga nan ba na yarda da takarda. Ki yanki ɗan guntu ki kai shi ga ashana, a kan faranti, kusa da ruwa. Auduga tana ci da warin takarda ta bar toka mai laushi. Ulu warin ƙonannen gashi yake yi. Roba tana narkewa ta dunƙule ta yi tauri. In kin ga toka da dunƙule tare, gauraye aka yi miki.

Ki duba tsawon zaren a mita, kada girman ƙulli ya ruɗe ki, don akwai masu naɗa shi sako-sako a kan ƙaton kwali. Ki duba lambar rini ta zama ɗaya a duk ƙullin da za ki ɗauka, saboda a da'ira bambancin launi zobe yake fitowa, ba ya ɓuya. Ki jiƙa guntun ki murza a farin ƙyalle ki ga ko yana zuba. Shi ma kwarashin ki shafa bakinsa da yatsa: in da kaushi, ajiye musu kayansu.