Agogon GPS ɗina ya fito da ni daga daji, amma ina da ƙorafi a kansa

Wata biyar kenan ina ɗaura agogon nan, gudu sau uku a sati, ranar Asabar kuma in hau keke in yi nisa. Gaskiya da farko kallon kayan gayu kawai nake masa, don wayata ma tana auna min kilomita, sai da abin nan ya same ni sati biyu da suka wuce na san darajarsa.

Na fita da keke ni kaɗai da yamma, na bar kwalta na shiga burji, daga burji na bi wata siririyar hanya cikin gonaki don iska na daɗi, ina ta tafiya ban lura da yawan mararrabar da nake wucewa ba. Agogo ya nuna kilomita 23 sai ga hadari ya haɗo baƙi ƙirin, na juya zan koma, wallahi ko'ina iri ɗaya, bishiyar da na ɗauka alama sai na ga irinta har uku. Na ciro waya in duba taswira, ashe ta mutu tun tuni a aljihu. Babu kowa a wajen, ko mai kiwo ban hango ba, hantar cikina ta kaɗa sosai.

Nan na tuna akwai wani wuri a cikin agogon da ke mayar da mutum inda ya faro, ban taɓa taɓa shi ba. Na danna, sai ga wani siririn layi a fuskar agogon da ƙaramar kibiya, ba taswira ba sunan hanya, sawun da na biyo ne kawai ya zana min. A wata mararraba na rantse hagu ce hanyar, shi kuma yana nuna dama, na yi gardama na bi hagun, ban yi nisa ba ya fara zuzz zuzz a hannuna yana cewa na sauka daga layi. Na dawo na bi damar ina ƙunƙuni, can gaba kaɗan sai ga shatin tayata a cikin yashi, ban san lokacin da na ce Alhamdulillah da ƙarfi ba. Abin da ya burge ni shi ne ba ya neman data ko sabis, saƙon taurarin ɗan adam da ke sama kusan kilomita 20,000 yake kamawa, in ya samu huɗu ya san inda kake. Na iso kwalta ruwa ya fara sauka.

To amma ranar ma da saura kashi 9 na caji na iso, kuma laifin saitinsa ne, in ka kunna masa ya haɗa taurarin GPS na Amurka da GLONASS na Rasha da Galileo na Turai da BeiDou na China lokaci ɗaya, batir yake sha kamar ba gobe, da na ƙara minti ashirin a dajin nan ban san yadda za mu ƙare ba. Kuma cajarsa ta daban ce, ba ta shiga da ta kowace waya, ka manta ta a gida shikenan.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne awon bugun zuciya. Koren hasken nan da ke ƙasansa shi ke karanta jini a fata, amma ina gudu a hankali har ina hira da abokina sai ya rubuta bugu 176 a minti, daga baya na gane takun ƙafata yake ƙirgawa ba zuciyata ba. A kan keke kuma akasin haka, ina hawa tudu ina haki kamar raina zai fita shi yana nuna 95, saboda wuyan hannu a lanƙwashe yake kan kan keke ga jijjiga. Na matse madaurin har ya yi min shati, a banza, dole na ƙara sayen bel ɗin ƙirji mai awon bugun zuciya, kuma ni a ganina mai sayen agogo irin wannan bai kamata ya sake kashe kuɗi kan abu ɗaya ba.

Tsakanin dogayen gine-gine ma sai a hankali, in na duba layin a Strava, manhajar da ke ajiye bayanan gudu da hawan keke, sai in ga wai na ratsa ta cikin gidajen mutane. Zagaye goma a filin gudu mai mita 400 ya ba ni kilomita 4.2 maimakon 4.

Tauraro uku da rabi zan ba shi, da a daren da na dawo daga daji na rubuta wannan da biyar zan ba shi cif. Yanzu dai duk Juma'a da dare sai na cika shi taf, na kuma mayar da shi kan GPS kaɗai kafin in hau keke.