Sharhi: Na kai banatin kakanmu wurin mai gyaran kayan soja a Aboabo

Duk wanda yake da banati, wato wuƙar da ake ɗaurawa a bakin bindiga, ko lambar yaƙi ta gado a gida, ina ba shi shawara ya nemi irin dattijon da na kai wa namu a unguwar Aboabo da ke Kumasi, kafin ya bari wani mai injin gurza ƙarfe ya taɓa masa ita. Aikinsa ya gamsar da ni ƙwarai, ko da yake akwai abu biyu da ban ji daɗinsu ba, kuma zan faɗe su.

Banatin na kakanmu ne, wanda ya yi soja a rundunar Gold Coast, wato Ghana ta yau, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A Zangon Kumasi ba baƙon abu ba ne ka shiga gida ka tarar da akwatin ƙarfe na wani tsohon soja a ƙarƙashin gado. Tun 1879 Turawa suke da rundunar da suka kira ta Hausawa a ƙasar nan, kuma har lokacin yaƙin ƙasar Bama (Burma), Hausa ce harshen da aka fi yi a bariki tsakanin sojojin Afirka ta Yamma. Namu akwatin, banati ne a ciki cikin kubensa na fata, da lambar tauraro ɗaya, da wani littafi da gara ta ci rabinsa. Tsatsa ta rufe gindin ruwan wuƙar, abin da kawai ake iya karantawa shi ne 1907. Saboda haka duk gidan an tafi a kan cewa a shekarar aka ƙera ta.

Dattijon tsohon makaniki ne, ya daɗe yana aiki a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, kafin ƙarfi ya ragu ya dawo rumfar ƙofar gidansa. Da na miƙa masa, bai zare ta nan take ba. Sai da ya ɗiga man keke a bakin kuben, ya ajiye, muka gaisa, ya tambayi gidanmu da sunan unguwar da kaka ya zauna. Daga nan ya zare a hankali, ya ɗauko soson ƙarfe mai laushin gaske, ya jiƙa da mai, ya shiga shafa gindin ruwan da ɗan yatsa ɗaya. Ina kallo rubutu yana fitowa daga ƙarƙashin jan tsatsa: kambin sarauta, haruffan GR a ƙasansa, sai 1907, sai 6 da 17, can ƙasa kuma sunan Sanderson.

"Ɗana, wannan 1907 ɗin samfuri ne," in ji shi. "Sunan wannan ƙira ta Ingila ke nan, ba shekarar da aka ƙera taku ba. Ranar haihuwarta ga ta nan ƙasa, watan shida na 1917."

Ya ce GR na Sarki Joji ne, Sanderson kuma kamfani ne a Shefil, garin da ya yi suna wajen ƙarfe. Ya juya ɗaya gefen ya nuna mini wata alama kamar kan kibiya, wadda ke nuna kayan gwamnatin Ingila ne, da harafin X da ake bugawa bayan an lanƙwasa ruwan don gwaji ya koma daidai bai karye ba. Ya auna tsawon ruwan da tef, inci 17, wanda shi ne na banatin bindigar Lee-Enfield da aka yi yaƙin farko da ita aka kuma ci gaba da riƙe ta a na biyu. Ya ce waɗanda aka yi a Indiya lokacin yaƙi na biyu gajeru ne, wajen inci 12, kuma sau da yawa za ka ga RFI a jiki, wato masana'antar Ishapore. Akwai kuma wani ɗan rami a ƙarshen ƙotar, na fitar da ƙasa da datti, wanda aka fara yi daga 1916. Ramin da kwanan watan sun yi daidai da juna, kuma irin wannan daidaito shi yake dubawa kafin ya yarda da abu.

Abin da ya fi sa na girmama shi, shi ne amsar da ya ba ni da na tambaya ko da wannan kaka ya yi yaƙin Bama. Na so ya ce e. Rundunoni biyu na Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82, sun yi yaƙi da Japan a can. Ta 81 ta shiga kwarin Kaladan a 1944, kuma an kama Myohaung a watan Janairun 1945, sunan da har yau barikin soja a Takoradi yake ɗauke da shi. Wa zai ƙi a ce wuƙar gidansu ta je can? Amma ya girgiza kai. Ya ce ƙarfe yana faɗin wanda ya ƙera shi da lokacin da aka ƙera, ba ya faɗin hannun da ya riƙe shi. Ya ce in lallaɓa littafin sallamar da gara ta ci, domin lambar soja da bataliyar da ke ciki su ne shaida. Lambar tauraron ya tabbatar ta Bama ce, mai tsini shida, ƙyallenta ja a tsakiya da shuɗi da ruwan lemo a gefe, amma ya ja kunnena cewa irinta da yawa an raba su ba suna a baya, don haka ita kaɗai ba ta ɗaure magana.

Na roƙe shi ya goge ruwan ya yi ƙyalli, ya ƙi. Ya ce baƙin da ke jiki ba datti ba ne, kuma samfefa ko injin gurza na cinye alamun nan cikin minti ɗaya, ba mai dawo da su. Ya cire jan tsatsa mai ci, ya bar sauran. Kuben ya shafa masa kakin zuma kaɗan, ya hana ni sa man injin a fatar domin yana ruɓar da ɗinki. Ga masu saye kuma ya yi gargaɗi ɗaya: banatin 1907 na farko suna da wata ƙugiya a gindin ƙota wadda aka daina yi a 1913, kuma saboda tsadarsu wasu na liƙa ƙugiyar da walda a kan na baya. In ka ga ƙugiya tare da kwanan wata na 1917, ka riƙe kuɗinka.

Yanzu abubuwan da ban ji daɗi ba. Na farko, ba ya rubuta komai. Duk wannan ilimi da baki yake ba ka, ba takarda, ba rasit, kuma ka bar masa kayan gado a rumfa a kan amana kawai. Ni na ɗauki hoton kowace alama da waya kafin in tafi, na kuma rubuta bayaninsa a gabansa. Na biyu, da na je karɓa ya yi ta neman in sayar masa. "Baba, ba na sayarwa ba ne," na ce, amma sai da ya sake tayawa yana cewa akwai masu zuwa daga Accra suna nema. Mutumin da ya san darajar abu kuma yake son saye, dole ka yi hattara da farashin da zai faɗa maka, komai kirkinsa. Kuɗin aikin kansa dai bai taka kara ya karya ba.

Shi ne ya tura ni gidan tarihin soja da ke cikin tsohon sansanin Kumasi a Adum, wurin da mayaƙan Yaa Asantewaa, sarauniya a ƙasar Ashanti, suka yi wa Turawa ƙawanya a 1900. Akwai bindigogi da lambobi da hotunan sojojin Gold Coast a can, har da makaman da aka ƙwato daga Italiya da Japan. Ka fara zuwa can ka cika idonka da na ainihi kafin ka kai naka wurin kowa. In za ka ɗauko daga gida, ka naɗe shi cikin tsumma ka sa a jaka, kuma ka tafi da wani babba na gidanku ya zama shaida a kan abin da kuka bari.