Tangaran mai kaushi ko tukunyar makuba: wanne za ki saya?

Kwanukan yumɓu masu kaushin jiki suna ɗaukar ido, shi ya sa wasu iyayen amare a Bauchi ke nemansu don jere. Amma Hajiya, kafin ki ciro kuɗi, ki fara sanin abin da za a zuba a ciki.

In ruwan sha ne, ki bar duk wani mai ƙyalli. Randa tana sanyaya ruwa ne saboda jikinta yana tsattsafo, iska kuma tana busar da shi. Shafen gilashi, wato abin da ke sa tukunya ƙyalli, toshe ƙananan ƙofofin da ruwan ke tsattsafowa yake yi, sai ruwan ya zauna da ɗuminsa. Randar gargajiya da aka goge da dutse, aka yi mata zane da igiya ko totuwar masara, aka yayyafa mata makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa, tana fitowa daga wuta, ita ce daidai, kuma ta fi araha nesa ba kusa ba.

Tangaran na gaske sai an gasa shi a rufaffen murhu, zafi ya kai digiri 1,200 ko fiye, abin da wutar kara ba ta kaiwa. A cikinsa ni dai na fi son mai shafen toka. Tokar itace ce ake haɗawa da garin dutse da farar ƙasa irin wadda ake haƙowa a Alkaleri. In ta narke sai ta gangaro layi-layi, kore-kore ko ruwan ƙasa, ta taru da kauri a gindin kwano. Ki shafa da yatsa za ki ji tudu da kwari, amma santsi ne, yana wankuwa tas. Irin wannan gashi mai zafi aka yi a cibiyar koyar da ginin tukwane da Baturen Ingila Michael Cardew ya kafa a tsohuwar Abuja, Suleja ta yau, inda Ladi Kwali ta jikin naira 20 ta yi aiki.

Mai tsaga-tsaga kamar ƙasan tafki da rani kuwa, kyau gare shi, sai dai manja da miya suna shiga tsagar su maƙale, soso ba ya kai musu. Haka mai ramuka, wanda shafensa ya tafarfasa a wuta ya daskare. Waɗannan na sa furanni ne da yin ado a kan kanta. In har za a ci abinci a ciki, kaushin ya tsaya a baya, cikin ya zama sumul.

Ki yi hattara da masu ja ko rawaya mai walƙiya da ba a san inda aka yi su ba, don akwai shafe mai arha da ake sa wa dalma. Ki ƙwanƙwasa kwanon tun a gaban mai shi: wanda ya gasu ƙararsa tana fita wasai. A gida kuma ki kwantar da yankan lemun tsami a ciki ya kwana. In launin wurin ya sauya, kada a ci abinci a cikinsa.