Wata bakwai da na'urar ji ta bayan kunne: abin da ta yi wa Baba da inda ta gaza

Mahaifina yana da shekara 74, kuma ƙorafinsa bai taɓa zama cewa ba ya ji ba. Cewa yake yi mutanen yanzu ba sa buɗe baki idan suna magana. Mun daɗe muna ɗaukar wannan a matsayin rigimar tsufa, har sai da muka lura ya daina zama a majalisar ƙofar gida bayan la'asar, kuma rediyonsa ya kai ga damun maƙwabta.

Kuskurenmu na farko shi ne sayen ɗan amfilifaya, wato na'urar ƙara sauti, mai araha a kasuwa. Irin wannan ba ya bambance sauti, duk abin da ya shigo ƙara shi yake yi, daga kukan janareta har ƙarar cokali a kwano, don haka Baba ya jefa shi a aljihun tebur kafin mako ya zagayo. A asibitin kunne ne aka fahimtar da mu dalili. Raunin ji na tsufa yana farawa ne daga lalacewar wasu ƙananan ƙwayoyi masu kama da gashi a sashen nan mai siffar katantanwa da ke can cikin kunne, kuma idan sun mutu ba sa sake tsirowa. Siraran sautuka ne ke fara ɓacewa, irin su "s" da "f" da "sh", shi ya sa dattijo zai ji murya sarai amma ya kasa raba "fata" da "sata". Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da kashi 25 cikin ɗari na waɗanda suka haura shekara 60 suna da raunin ji mai hana walwala, wato wanda ya wuce desibel 35 (ma'aunin ƙarfin sauti) a kunnen da ya fi lafiya.

Bayan an wanke masa dauɗar kunne an yi gwaji a ɗaki mai hana sauti shiga, aka saita masa na'ura ta bayan kunne da kwamfuta bisa sakamakon gwajin, aka kuma auna ramin kunnensa aka yi masa toshiyar roba daidai shi. A hira ta mutum biyu ko uku a zaure, aikinta ya wuce abin da na zata: yana jin jikokinsa, waɗanda muryoyinsu ne suka fi ɓace masa a da. A wurin ɗaurin aure kuwa, ko a masallacin da lasifika ke amsa-kuwwa, har yanzu yana shan wahala, kuma ban ga alamar wani saiti zai kawar da hakan gaba ɗaya ba.

Inda nake da ƙorafi shi ne bayanin da aka yi mana ranar karɓa, wanda bai wuce na saka batir da cire shi ba. Ba a gaya mana cewa kwakwalwar da ta yi shekaru cikin shiru sai ta sake koyon sauraro ba. A makon farko Baba ya ce muryarsa kamar daga cikin randa take fitowa, takun takalminsa ma yana ba shi haushi. Sai a zuwa na biyu wata ma'aikaciya mai haƙuri ta tsara mana yadda za a bi: ya fara da sa'o'i kaɗan a wuri mai natsuwa yana ƙarawa kullum, wani ya riƙa karanta masa jarida yana bin rubutun da ido, mu kuma mu fuskance shi cikin haske, mu yi magana a hankali ba tare da ɗaga murya ba, domin ihu murɗe kalma yake yi. "Hajiya, ki kira sunansa tukuna, ya juyo, sannan ki faɗi maganarki," in ji ta ga mahaifiyarmu. Wannan horon, a ganina, ya kai na'urar kanta muhimmanci.

Kulawar yau da kullum ma tana da nata nauyi. Batirin lamba 13 yana yi masa kwana goma ko kusa da haka, kuma ba a samunsa a kowane kanti. Dole ya cire na'urar kafin kowace alwala saboda shafar kunne, sau biyar a rana, kuma sau biyu muna tsinto ta a bakin buta. Gumin bazara da ƙurar hunturu suna toshe bututun da ke haɗa na'urar da toshiyar, idan kuma toshiyar ba ta zauna daidai ba sai ta kama fito.

Kuɗinta ba kaɗan ba ne, amma zan sake saya. Shawarata ga mai niyya ita ce ya fara da gwaji a wurin ƙwararru, irin Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna ko sashen kunne na asibitin koyarwa, kuma kafin ya biya ya tambaya ko sake saiti da horon sauraro suna cikin farashin.