Hitar wanka a Legas: wacce ce ba za ta sa ka jira ba?

Jiran ruwan zafi iri biyu ne, kuma kafin ka shiga kasuwar Alaba ko ta Orile da kuɗinka ya kamata ka san wanne ke damun gidanka. Akwai lokacin da hita take ɗauka ta dafa ruwan, akwai kuma ruwan sanyin da ke kwance cikin bututu, wanda sai ya zube tukuna na zafi ya iso shawa.

Hita mai tanki ita ce aka fi gani. Ruwan Legas yana fitowa da ɗan ɗuminsa, kusan digiri 27. Kai shi digiri 60 da hita mai wat 1500 zai ci kusan minti 23 a tankin lita 15, minti 46 a lita 30, awa ɗaya da kwata a lita 50. Wannan lissafin idan wuta ta zo da ƙarfinta ne. Idan ta faɗo daga bolt 230 zuwa 180, ƙarfin hitar yana komawa kusan wat 900, jiran minti 46 ya zama awa da kwata. Amfaninta shi ne tana riƙe zafi awanni bayan an ɗauke wuta, abin da wanda ba ya Band A (rukunin da aka fi ba wuta awanni masu yawa) zai fi kowa gane darajarsa.

Hitar nan-take ba ta tara ruwa, tana dumama shi yana wucewa, cikin 'yan daƙiƙu. Sai dai tana da sharuɗɗa. Mai wat 3500 tana jan kusan amfiya 15, mai wat 5500 kusan 24, don haka tana buƙatar wayarta daban mai kauri, da bureka nata, da wayar ƙasa, da na'urar katse wuta idan ta yi yoyo. Wannan kada a yi wasa da shi, mutum a jiƙe yake tsaye ƙarƙashinta. Ƙaramin janareta ba zai ɗauke ta ba. Kuma idan tankin sama bai da tsawo, ruwa ba zai zo da ƙarfin da zai tayar da ita ba. Tsawon mita 10 ne ke ba da matsi na "bar" ɗaya, wato ma'aunin ƙarfin ruwa. A bene na ƙarshe, nemi mai famfo a cikinta.

Ta hasken rana tana rage kuɗin mita sosai, amma a Yuni da Yuli hadari yana hana ta zafi, kuma tana can kan rufi nesa da banɗaki. Nan ne jira na biyu yake fitowa: bututun rabin inci yana riƙe kusan lita ɗaya da rabi a kowace mita 10, duk sai an zubar.

Ga yawancin gidajen haya a Agege ko Idi-Araba, tankin lita 15 zuwa 30 a jikin bangon banɗakin kansa ya fi babban tanki ɗaya mai raba wa gida duka. A wuraren da ruwan burtsatse ke da gishiri ko tsatsa, kamar sassan Lekki da Ajah, tambayi mai shago ko yana da sandar magnesiyam ta canji, domin ita ke hana tankin hujewa. A kuma sa mai gyaran famfo ya ɗaura bawul ɗin sakin matsi da ya zo cikin kwalin, kada ya toshe bakinsa don yana ɗiga.