Sharhi: ELAC Debut 2.0 B6.2 ga mai haɗa kayan sauti kaɗan-kaɗan

Wanda ba zai sayi kayan sautinsa gaba ɗaya ba, abin da ya kamata ya fara zuba wa kuɗi shi ne sifika. Amfilifaya, wato na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi ta tura shi sifika, ana sauya ta, haka ma na'urar da ke kawo kiɗan, amma sifika mai kyau takan shekara goma ko fiye tana aiki. Da wannan ma'aunin na auna sifikar B6.2 ta kamfanin ELAC na Jamus, wadda injiniya Andrew Jones ya tsara, ta fito a 2018.

Ba ta da amfilifaya a cikinta, kuma ga mai bin abu sannu-sannu wannan alheri ne. Kwatanta ta da Edifier R1280T mai amfilifayarta a ciki: ƙarfin wat 42 duka biyun, wufa (faifan da ke fitar da sauti mai kauri) inci 4, ka jona ta kawai ta fara waƙa. Tana da daɗi a kan teburin kwamfuta, amma daga nan ba gaba. Ba ta da kafar jona babbar wufa ta ƙasa, wato akwatin daban mai fitar da bes (sauti mai kauri) zalla, ba za ka ƙara mata ƙarfi ba, kuma ranar da amfilifayar cikinta ta ƙone sifikun biyu sun yi shiru tare. B6.2 kuwa kowace amfilifaya ka samu yau za ta ɗauka, in ka samu wadda ta fi ta baɗi sai ka kwance waya huɗu ka mayar.

Wufarta inci 6.5 ce, ƙaramar sifikar sama mai fitar da siririn sauti inci 1, om 6 (ma'aunin yadda take tare wuta), kuma kamfanin ya ce tana sauka har has 44 (ma'aunin kaurin sauti: ƙaramar lamba, sauti mai kauri). Sunan "sifikar kanta", wato ta ɗorawa a kan kantar littattafai, kada ya ruɗe ka: tsayinta ya kai santimita 37, zurfinta kusan 27, kowace ta haura kilo 7. Auna kantarka kafin ka biya.

Abin da ya fi burge ni shi ne ramin iskarta a gaba yake. Yawancin sa'o'inta, irin Q Acoustics 3020i da Wharfedale Diamond 12.1, ta baya suke fitar da iska, to in ka matsa su jikin bango sai bes ya kumbura ya haɗiye murya. A ɗakunanmu na bulo da siminti, ga tayil a ƙasa, ga ƙarancin fili, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Duk da haka ita ma tana son tazarar santimita 20 zuwa 30 daga bango, kuma kada a saka ta a kusurwa.

Wajen sauti, ƙarfinta a tsakiya yake. Muryar mai karatu ko mai labarai tana fitowa a tsaye a tsakanin sifikun biyu, ba ta shaƙe ba. Kalangu kana jin bugun sanda daban, kana jin lanƙwasar sautin lokacin da makaɗi ya matse tsirkiya daban. Bes ɗinta a ɗaure yake, ba ya zuba. Wanda kunnensa ya saba da akwatin biki mai girgiza taga zai ce ba ta da bes, alhali tana da shi, abin da ke cikin kiɗan kawai take bayarwa. Ba ta kuma rufa wa kiɗa mara kyau asiri: waƙar da aka matse aka yi ta turawa a WhatsApp za ta fito da kaushinta. In an rage ƙara sosai da daddare takan ɗan yi sanyi, sai an ɗaga kaɗan take buɗewa. Jikinta leda ce baƙa aka manna wa katako, ba abin ado ba ce.

Sai batun amfilifaya, inda aka fi yin kuskure. B6.2 tana ba da desibel 87 (ma'aunin ƙarar sauti) a nisan mita ɗaya, wato ba ta cikin masu saurin tashi. Ƙarin desibel 3 kacal yana buƙatar ninkin wat, kuma sautin yana raguwa da nisa. A falo matsakaici inda ake zama mita biyu da rabi zuwa uku, nemi wat 50 zuwa 80 na gaskiya a kowane gefe, ba lambar dubbai da ake bugawa a jikin kwali ba. Ƙaramar amfilifaya ta fi babba kashe sifika: in ka murɗa ta har ta ƙure sai sautin ya tsage, wannan tsagewar ce ke ƙona siririyar wayar sifikar sama. Da zarar ka ji murya ta fara karce kunne, sauko.

Ga mai ƙaramin ƙarfi, Fosi Audio V3 ta isa mafari. Tana tuƙa B6.2 ba wahala, musamman da cajar bolt 48 maimakon ta 32. Aibinta mashiga ɗaya ce gare ta, ba rimot, ba maɓallin bes. Mataki na gaba irin su Yamaha A-S301 ne: wat 60 kowane gefe, da rimot, da kafar wayar haske (optical) mai kawo sautin talabijin, da kafar babbar wufa. Tana kuma da maɓallin da ke cike bes in an rage ƙara, wanda ke maganin sanyin nan na dare. Mai sayen amfilifaya ta hannu ya duba bayanta: in an rubuta bolt 120 to ta Amurka ce, wutarmu 230 ce, jonawa ɗaya ta isa ta ƙona ta. Stabilaiza kuma dole ce, ba don sifikar ba, don amfilifayar, balle in ana yawan komawa janareta.

Waya ba ta buƙatar tsada. Jan ƙarfe zalla mai kaurin milimita 1.5 ya isa har mita biyar, in ta fi haka a ɗauki 2.5. Kankare bakin wayar da reza: in fari ya bayyana a ƙasa, alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe. Ja ya tafi ja, baƙi ya tafi baƙi a duka gefen biyu. In aka juya guda ɗaya, wufa ɗaya tana turawa ɗayar tana ja, bes ya ɓace, murya ta rasa mazauni.

Kafin ka yi tunanin babbar wufa, sayi ƙafafu masu tsayin santimita 60 don sifikar sama ta daidaita da kunnenka a zaune. Raba sifikun da kamar mita biyu, ka zauna a nisan da ya yi daidai da haka, ka ɗan karkato su wajenka. Shimfiɗa kafet mai kauri tsakaninka da su, ka sa labule mai nauyi a taga. A ɗakin tayil, wannan gyaran ya fi sauya amfilifaya tasiri. In dole sai a kan kanta za ta zauna, jawo ta har bakin katakon, ka sa roba a ƙarƙashi don kada kantar ta riƙa amsawa. Lokacin hunturu bar mata marfinta na gaba, ƙura kuma a share da burushi mai laushi.

Babbar wufa ta zo ƙarshe, kuma mai kallon fim ne ya fi buƙatarta. In amfilifayarka ba ta rage wa sifikun bes, saita wufar wajen has 50 zuwa 60, ka rage ƙararta har sai ka daina gane daga ina take fitowa.

Idan ta hannu ka samu, danna wufar a hankali da yatsu a kewayen tsakiyarta: in ka ji gurzawa, wayar ciki ta taɓa ƙonewa. Duba robar gefe ko ta tsage, kara kunne a sifikar sama ka tabbatar tana magana, sannan ka sa mitar auna om a bayanta. Sifikar om 6 takan nuna tsakanin 4 da 6, kuma biyun su zo kusan daidai. In ɗaya ta yi nisa da 'yar uwarta, an taɓa buɗe ta.